Tambayoyi da amsoshi: kayan gyara da kayan aikin da ya kamata mai karafan ya riƙe a hanyoyin Saudiyya

Hausawan Jidda, Makka, Madina da Riyad sun fara shiga harkar karafan, motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a cikinta. Wasu ta hannu suka saya, wasu kuma Coaster ko Hiace suka kai sina'iyya, wato unguwar makanikai da masu ƙira, aka ƙera musu cikinta. Idan sanyi ya shigo a kwashi iyali a nufi Ula ko Tabuk, idan zafi ya matsa a haye Ɗa'if, Baha ko Abha. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan uwa suka fi maimaitawa kafin su kama hanya.

Malam, kayan mota ba su da iyaka, wurin ajiya kuma kaɗan ne. Ta ina zan fara?

Ka ɗauki kowane abu a hannunka ka yi masa tambaya uku. Idan wannan ya lalace, motar za ta tsaya cak, ko za ta lallaɓa ta kai gari? Ana iya sa shi a gefen titi, ko sai an ɗaga mota a gareji? Ana samunsa a ƙaramin gari, ko sai an yi odarsa daga Jidda ko Riyad? Abin da zai tsayar da kai, ana iya sa shi a gefen hanya, kuma ba a samunsa a ƙauye, shi ne ya cancanci wuri a motarka. Sauran ka bar wa masu shago.

Dalilin da ya sa na fi nauyaya tambaya ta uku shi ne, a ƙasar nan makanikai ba su yi ƙaranci ba. Kusan kowace babbar tashar mai a hanyar Hijira ko hanyar Ɗa'if zuwa Riyad akwai mai banshar, wato mai facin taya, akwai mai juyen mai, sau da yawa har da kahraba'i, wato mai gyaran lantarki. Abin da yake wuya shi ne kayan da ya dace da motarka. Sai ka ga mutum ya kwana biyu a wani ɗan gari yana jiran fanbel da bai kai kuɗin abincin rana na iyalinsa ba, ga makanike a zaune yana shan shayi.

Jerin kayan ɗaya ne ga kowa?

A'a. Mai Toyota ko Isuzu ya fi kowa hutu, domin kayansu sun bazu har ƙananan garuruwa. Mai karafan ɗin Amurka da aka ɗora a kan Ford ko Chevrolet shi ma da sauƙi ta fannin inji, tunda motocin Amurka sun daɗe a nan. Wanda ya fi buƙatar tanadi shi ne mai motar Turai, musamman Fiat Ducato, wadda akasarin karafan ɗin Turai a kanta ake gina su amma ba ta yawaita a titunan Saudiyya ba. Mai irin wannan ya riƙe tiyo, fanbel da filtoci nasa na kansa, har da na'urar nan da ke karanta juyawar inji, wadda ba ta fi ɗan yatsa ba amma idan ta mutu mota ba ta tashi.

Ka ɗauki hoton lambar shasi da ke jikin istimara, wato takardar rajistar mota, ka ajiye a waya, ka kuma rubuta ta a takarda. Da ita ake gane ainihin kayan motarka. Sunan kamfanin da ya ƙera ɗakin ba ya taimakon mai sayar da kayan inji, don haka kada ka ce masa sunan da aka rubuta da manyan haruffa a jikin bodi, ka faɗa masa motar da ke ƙarƙashi da shekararta.

Tayoyina har yanzu zanensu raɗau. Ina buƙatar damuwa da su?

Nan ne zan daɗe, domin taya ita ce ta fi tsayar da karafan a ƙasar nan. Karafan ba ta yawan tafiya. Tana iya yin wata takwas a tsaye cikin rana a ƙofar gida, robar tana bushewa, zanen kuma bai taɓu ba. Sai ranar tafiya a loda mata ruwa da mutane da kaya, a hau kwalta mai zafi a watan Yuli, a yi gudun awa uku. A nan take fashewa, kuma idan tayar baya ta fashe takan yage bututun ruwa ko wayoyin da ke kusa da ita.

Ka tsuguna ka duba gefen tayar. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara 5 a zafin nan, ni dai ba na ɗora iyali a kanta, ko da zanenta bai ci ba. Ka duba har da ƙananan tsagewa a gefe da cikin ramin zanen. Kuma ka tabbata ta ɗaukar nauyi ce, mai alamar C ko CP ko LT, domin akwai masu sayarwa da za su miƙo maka ta ƙaramar mota saboda girman ya zo ɗaya.

Sai safaya. Yawancin sababbin karafan ɗin Turai ba sa zuwa da ita, sai wata gwangwani ta ruwan liƙi da ɗan famfo. Wannan ƙusa kawai take magani, ba ta komai ga tayar da ta dare. Ka nemi cikakkiyar safaya da wilinta, ka kuma riƙa duba iskarta da shekarunta kamar sauran. Wanda zai bi doguwar hanya marar gari, irin ta Harad zuwa Badaha ko hanyar Rub'ul Khali zuwa Oman da aka buɗe a Disambar 2021, ya ƙara da taya ta biyu ko da babu wili, tunda kowane mai banshar zai iya ɗora masa ita.

Iska kuma da sassafe ake aunawa, tayar tana sanyi. Idan ka auna da rana bayan tafiya za ka ga ta ƙaru, kada ka rage. Ƙarancin iska ne yake sa gefen taya ya riƙa lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ya fashe. Masu taya biyu-biyu a baya su kula da ta ciki, domin tana iya sacewa ba a gani, ta waje ta ɗauki nauyin duka har ita ma ta tafi. Ka riƙe gejin iska naka, da kwamfiresa mai kama kan batir kai tsaye. Ƙananan nan da ake soka wa a ramin kunna sigari ba sa iya kai tayar da ke shan iska bar 5 ko fiye a geji, zafi suke yi su mutu a rabin aiki. Ka haɗa da kayan facin tubles da bawul biyu ko uku.

Jak ɗin da ya zo da motar bai isa ba?

An yi shi ne don motar da ba a ɗora wa gida ba. Ka sayi jak mai kwalba na tan 6 ko 8, ka gwada shi a gida tukuna: idan taya ta sace motar takan zauna ƙasa sosai, dogon jak ba zai shiga ba. Ka yanko katako mai kauri guda biyu, ɗaya a ƙarƙashin jak don kada ya nutse a ƙasa ko a kwaltar da zafi ya tausasa, ɗaya kuma na tokare taya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe, musamman a gefen babban titi inda iskar tirela ke girgiza ta.

Wilsifana ta kamfani gajera ce, masu banshar kuma da bindigar iska suke ɗaure noti har ya wuce ƙima. Ka sami dogon hannu da soket ɗin da ya dace, ka kwance kowane noti a ƙofar gidanka ka sake ɗaurewa kafin tafiya. Idan safayarka a ƙarƙashin mota take rataye, ka sauke ta sau ɗaya ka gani, domin danshin Jidda yana sa ƙarfen da ke riƙe ta ya yi tsatsa ya ƙi motsi.

Inji yana ɗaukar zafi idan muna hawan dutse. Me zan riƙe?

Daga Makka zuwa Ɗa'if hawan sama da mita 1,500 ne, Abha kuma ta haura mita 2,200 daga teku. Mota mai nauyi, esi a kunne, ga hawa, duk wani rauni da ke cikin lagireto a nan zai bayyana. Ka riƙe tiyon lagireto na sama da na ƙasa, kilif masu girma dabam-dabam, murfin lagireto sabo, ruwan sanyaya inji irin na motarka lita 4 ko 5, da tef ɗin silikon mai manne wa kansa wanda zai iya riƙe tiyon da ya tsage har ka kai gari. Murfin nan mutane suna raina shi, alhali idan robarsa ta mutu ruwa yakan tafasa da wuri.

Fanbel dole ne. A motocin yanzu bel ɗaya ne yake juya dinamo da esi, a wasu har da famfon ruwa. Ka ɗauki hoton yadda ya zagaya tun yana kan inji, domin idan ya tsinke babu mai tuna hanyarsa. Dabara mai kyau ita ce a sa sabo kafin tafiya, a ajiye tsohon a matsayin na ko-ta-kwana, tunda an tabbatar ya dace. Bel ɗin taimin kuwa ba na ɗauka ba ne, na canzawa ne a kan lokaci, domin idan ya tsinke injin ya riga ya ji rauni.

Idan allura ta hau, ka tsaya, ka kashe esi, ka bar inji ya huce. Kada ka buɗe murfi yana zafi. A gangara kuma ka sa ƙaramar giya ta riƙe motar. Wanda ya sauko daga gangaren Hada na Ɗa'if ko Aƙabar Dila' ta Abha da ƙafarsa a kan birki zai ji ƙauri kafin ya kai ƙasa, daga nan kuma birki ya fara tafiya ƙasa babu kamu. Man birki yana tsotsar danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. Ƙaramar kwalba wadda ba a buɗe ba ta ishe ka riƙewa.

Ƙura fa?

Filtar iska guda ɗaya sabuwa a ledarta. Guguwar ƙura ta yini ɗaya a Najad tana iya toshe wadda ke kan mota, sai ka ji ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙaru. Kakkaɓewa a hankali tana taimakawa, amma hurawa da iska mai ƙarfi tana huda takardar, ƙurar ta wuce cikin inji.

Mai dizal ya ƙara da filtar mai, kuma ya sa makanikensa ya nuna masa yadda ake fitar da iska bayan an canza ta, in ba haka ba sabuwar filtar ma ba za ta tayar da motar ba. Tun farkon 2024 dizal ɗin da ake sayarwa a ƙasar ya koma matakin Euro 5 mai ƙarancin sulfa, abin da ya sauƙaƙa wa sababbin injuna, amma ruwa da datti a tankin ƙaramar tashar da ba ta ciniki suna nan. Ka sha mai inda manyan motoci ke layi. Idan motarka mai shan AdBlue ce, ruwan nan da ke tsaftace hayaƙin dizal, ka riƙe jarka ɗaya, domin idan ya ƙare ka kashe inji ba zai sake tashi ba. Sai dai zafi yana lalata shi, saboda haka ka saya dab da tafiya, kada ka bar shi ya yi bazara a cikin mota. Baƙin mai lita 2 ya isa na ƙari.

Ban san komai a kan lantarki ba. Akwai abin da zan iya da kaina?

Akwai, kuma shi ne mafi arha. Mafi yawan abin da ke mutuwa a cikin ɗakin karafan, fitila ko famfo ko firij, fis ne ko wayar da girgiza ta kwance. Ka sayi akwatin fis mai kala-kala: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Ka mayar da irin wanda ka cire. Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe, kada ka sa mafi girma, kada kuma ka naɗa masa waya ko takardar sigari, a haka gobara ke tashi. Ka san inda akwatunan fis suke tun a gida, domin na inji dabam, na ɗaki dabam, wani lokacin akwai na uku a ɓoye ƙarƙashin kujera.

Ƙaramar mitar auna wuta za ta gaya maka gaskiyar batir: volt 12.6 a cike yake, 12.2 ya kai rabi, idan inji na aiki kuma ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, in ba haka ba dinamo ba ya caji. Zafi yana cin batir, a nan ba kasafai yake wuce shekara 2 zuwa 3 ba, kuma yakan mutu babu sallama. Ka riƙe wayar jan wuta mai kauri da tsawo, ko ɗan akwatin tayar da mota, amma kada ka bar shi a gaban gilashi cikin rana. Sai rile ɗaya ko biyu, ƙwan fitilar gaba da na birki, 'yar waya, tef, da igiyoyin roba masu zugewa.

Daga Amurka aka shigo da tawa. Zan iya jona ta da wutar istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya?

Ka dakata. Ɗakin karafan ɗin Amurka a kan wuta 120 aka gina shi, wutar gidajen Saudiyya kuma 230 ce. Idan ba a riga an sauya tsarin ko an sa taransifoma ba, jonawa ɗaya za ta ƙona caja da esin rufi. Ka tambayi wanda ya sayar maka, sannan ka sa kahraba'i ya tabbatar da mita. Ta Turai ta dace da 230, sai dai kan fulogi ya bambanta, a nan mai ƙafa uku irin na Ingila ake amfani da shi, don haka ka riƙe mahaɗi da doguwar waya mai kauri. Siririyar waya a ƙarƙashin nauyin esi narkewa take yi.

Malam, mu mata namu ruwa ne da girki da banɗaki. Maigida inji kawai yake tunani.

Gaskiyarki, Hajiya. Lalacewar inji takan zo jefi-jefi, amma matsalar ruwa kusan kowace tafiya sai an yi, kuma iyalin da ba su da ruwan alwala da na banɗaki ba za su ƙara kwana a daji ba. Famfon ruwa mai wuta 12 shi ne zuciyar ɗakin, ba shi da nauyi, kuma ba a samunsa a shagon famfo na unguwa. Wannan yana cikin 'yan abubuwan da nake cewa a riƙe sabo gaba ɗaya. A haɗa da guntun tiyo, mahaɗai irin na motar, farin tef na zare, da ƙaramar matatar da ke gaban famfon. Ko da komai lafiya, a riƙe jarka biyu ta ruwan sha dabam da tanki, domin idan tanki ya tsiyaye a hanya kada a rasa na sha.

Banɗaki mai akwatin cirewa yana da roba a bakinsa da zafi ke busarwa, da ta bushe sai wari ya cika ɗaki. Robar ƙari da man silikon na shafa mata sun wadatar, sai ruwan maganin tanki. A gas kuma a riƙe munazzim, wato kan tukunya mai daidaita ƙarfin gas, na ƙari da tiyo sabo, a tabbata ƙarfinsa ya dace da murhun, na Turai a kan ƙarfin gas na miliba 30 suke. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi, inda ya yi kumfa nan ne, ban da ashana.

Firij mai aiki da gas yana son mota ta daidaita, kuma idan zafi ya haura digiri 40 sanyinsa raguwa yake yi. Ƙaramar fanka a bayansa tana taimakawa, haka ma juya wannan gefen daga rana.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: na'urar gano hayaƙin nan marar wari, da batirinta. Daren Tabuk da Ha'il a watan Janairu yana kaiwa ga ƙanƙara, sai a ga mutane sun shigo da kaskon gawayi ciki sun rufe tagogi, ko sun kunna janareto dab da taga. Ana barci ba a tashi.

Wane akwatin kayan aiki zan saya?

Kada ka sayi babban akwatin nan mai kaya ɗari biyu, rabinsu ba za ka taɓa su ba. Ka zagaya motarka ka ga irin notin da ke jikinta. Motocin Japan da Turai milimita ne, sifana da soket daga 8 zuwa 19 sun rufe yawancin aiki. Na Turai suna son sukuru mai kan tauraro, ɗakunan Amurka kuma cike suke da sukuru mai rami murabba'i, ga noti na inci a wasu wuraren. Ka ƙara da sukundireba biyu-biyu, filaya, filaya mai kullewa, sifana mai daidaitawa, guduma, wuƙa, zarto na ƙarfe, man feshi na kwance tsatsa, gam ɗin ƙarfe mai haɗi biyu, da wayar ɗauri. Tocila ta goshi ta fi ta hannu, domin gyaran hanya yawanci da dare yake faɗowa. Safar hannu ta fata ma ba ado ba ce, sifanar da ta yi minti goma a rana ba ta riƙuwa. Ka sa tsohuwar darduma ta kwanciya a ƙasa.

'Yar na'urar karanta kwamfutar mota, wadda ake sokawa ƙarƙashin sitiyari ta haɗu da waya, ta cancanci kuɗinta. Idan fitilar inji ta kama a tsakanin Madina da Ula, ita za ta ba ka lambar da za ka karanta wa makanikenka a waya, ya ce maka ci gaba ko tsaya.

Gwangwanin kashe gobara, alwatikan gargaɗi da akwatin taimakon gaggawa kuwa ba sai an faɗa ba. Na kashe gobara biyu ya kamata, ɗaya kusa da direba, ɗaya kusa da ƙofar ɗaki.

Me zai hana in ɗauki komai? Wuri akwai.

Nauyi. Karafan da yawa iyakarsu kilo 3,500 ce, kuma ita kanta motar ta cinye mafi yawansa, abin da ya rage sau da yawa bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Ruwa lita 100 kilo 100 ne. Ka sa mutum shida, tukunyar gas biyu, janareto, buhun shinkafa, tukwane, darduma da tanti, ka ga inda ka kai tun ba ka ɗauki sifana ɗaya ba. Duk kilon da ya wuce ƙima a kan tayar baya da birki yake sauka, wato wuraren da na ce sun fi ba da matsala. Ka loda motar kamar ranar tafiya ka kai ta mizanin manyan motoci, a auna gaba dabam, baya dabam, ka gwada da lambobin da ke jikin farantin ƙofa. Kaya masu nauyi a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya. Rataya su a can ƙarshen baya yana sa gaba ya yi sakayau, iskar gefe ta riƙa wasa da motar.

To me zan bari a gida?

Dinamo, kik, shokazoba, kuloci, faifan birki, famfon dizal. Suna da nauyi, suna da tsada, kuma galibi sukan yi gargaɗi da ƙara ko rauni kafin su mutu. Idan kana zargin ɗaya daga cikinsu, a gyara kafin a tashi. Fetur a jarka a cikin ɗaki ma a bar shi, na janareto a akwatin waje mai iska.

Muna son mu sauka daga kwalta mu shiga barr, wato dajin hamada. Me ake buƙata?

Karafan ba Land Cruiser ba ce. Ka tsaya inda ƙasa ke da tauri, ka sauka ka taka da ƙafa kafin ka shigar da ita. Shebur, allunan fitar da mota biyu, da igiyar ja wadda ƙarfinta ya ninka nauyin motarka, su ne kayan. Ka nemo ƙugiyar ja da ake ɗaurawa a gaba, ka san inda take. Da ka ji taya ta fara haƙa ka ɗaga ƙafa daga totur, ka rage iska, ka share yashin gaban tayoyin, ka sa alluna. Kana komawa kwalta ka mayar da iskar kafin ka yi gudu. A bakin teku, wajen Shu'aiba ko Umluj, ka ji tsoron sabkha: samanta busasshe, ƙarƙashinta taɓo mai gishiri. Kada kuma a kwana a cikin wadi, wato busasshen kwarin da ruwa ke bi, ko da sama garau take, ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yana iya isowa cikin dare.

Na asali zan saya, ko na tijari, wato na kasuwa wanda ba na kamfanin motar ba, ko na tashlih, inda ake sayar da kayan motocin da aka farke?

Duk abin roba da filta da na'urar lantarki, na asali ko na sanannen kamfani. Fanbel na jabu da ya tsinke bayan kilomita 50 bai yi maka komai ba. Tashlih yana da amfani ga wilin safaya, madubi, fitilar baya da marfin tanki. Taya ta hannu kuwa a'a. Kowane abu ka saya, ka buɗe kwalin ka gwada shi da na jikin mota tun kana Jidda.

Idan duk da haka ta tsaya, wa zan kira?

Ka fitar da ita daga titi gwargwadon iko, ka kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alwatika da nisa, iyali su fita ta gefen da ba motoci idan wurin ba amintacce ba ne. A yankunan Makka, Madina, Riyad da Sharƙiyya lambar gaggawa 911 ce. A sauran wurare 996 na jami'an tsaron hanya, 997 motar asibiti, 998 'yan kwana-kwana. Hatsari tsakanin motoci masu inshora kuma Najm ake kira, kamfanin da ke zuwa duba hatsari saboda inshora.

Sataha ita ce motar da ke ɗaukar motar da ta lalace a bayanta. Satahar da ke ɗaukar ƙananan motoci ba za ta iya karafan mai tsawon mita 7 da tsayin mita 3 ba. Ka rubuta tsawo, tsayi da nauyin motarka a takarda ka manna kusa da sitiyari, ka faɗa wa mai sataha tun a waya, don kada ya yi tafiyar awa biyu ya zo ya ce sai an kira babba. Ka duba ko inshorarka ta haɗa da ja, da iyakar kilomitar da ta yarda. Ka tuna ranar Juma'a yawancin shagunan sina'iyya ba sa buɗewa sai bayan La'asar, wasu ma sai Asabar. Akwai kuma wuraren da sabis ke ɗaukewa, don haka ka saukar da taswira a waya, ka gaya wa wani ɗan uwa hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ka isa. Tafiyar dare a ƙananan hanyoyin da ba shinge ka rage ta saboda raƙuma.

Kayan da na tara, sau nawa zan riƙa duba su?

Sau biyu a shekara, kafin fitar sanyi da kafin fitar zafi. Abin da ke cikin akwati ma tsufa yake yi: gam yana daskarewa, tef yana narkewa, ruwan faci yana bushewa, gwangwanin kashe gobara allurarsa tana sauka. Roba da bel a ajiye su a leda a wuri mai duhu, nesa da bangon da rana ke duka. Ka raba kayan gida uku, na taya, na inji, na ɗaki, ka rubuta a jikin kowane akwati, ka sa na taya inda za a ciro shi ba sai an sauke katifu da tukwane a gefen titi ba. Duk abin da ka yi amfani da shi a tafiya ka rubuta a waya nan take, ka mayar da madadinsa a makon da ka dawo, tun kana tuna lambarsa.